Lakar Mangwaron da Inna Ta Zubar a Yako

Mun tashi da asuba daga Bebeji, ni da direba da wani abokin aikina, a tsohuwar a-kori-kurar kamfaninmu na matse ruwan mangwaro. Kayanmu jarkoki ne cike da laka. Ba ta gini ba, wadda ke kwantawa a ƙasan kwatamin da muke tace ruwan wankin mangwaro bayan an matse shi. Warinta kuwa, ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka.

Ba yawon buɗe ido ya fito da mu ba. Lakar ta cika kwatami har ta malala cikin rafin da Fulani ke shayar da shanu, ƙara ta kai gaban hakimi, manaja ya ce in ba a san yadda za a yi da ita ba kafin mangwaro ya ƙare, za a rufe kamfanin. Ni ke kula da ɗakin gwaji, ni na yi rigimar cewa akwai arziki a cikinta: fektin, sinadarin da ke sa jam ɗin shafa wa burodi ya yi kauri, wanda ya yi wuyar samu tun da aka taƙaita shigo da kaya daga waje. Na gwada fitar da shi har na gaji, ruwa tsululu kawai nake samu. Shi ya sa muka nufi Doguwa, wurin tsohon malamina na kimiyya da ya yi ritaya can.

A Kwanar Ɗangora muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance kamar shi ma matsin tattalin arzikin ya taɓa shi. Direba ya roƙi mu ratsa Yako ya gaida kawunsa, muna shiga garin lagireto ya fashe. Sai da aka hau babur zuwa Kiru neman makanike, shi kuma ya ce sai gobe.

Kawun ya sauke mu saukar girma, tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Muka sauke jarkokin a gefen zaure don a ji daɗin gyara.

Da safe na fito na tarar da su a jere, fes, har suna ƙyalli. Na buɗe ɗaya, ruwan rijiya. Sai ga Inna, matar kawun, da fara'arta.

"Kun tashi lafiya, 'ya'yana? Na ji kayanku sun yi tsami, na wanke muku. Baƙo ba ya barin gidan nan da ƙazanta, kuma mazubinsa ba ya komawa ba komai."

Me zan ce wa tsohuwar da ta sha aikin jan guga saboda ni? Na durƙusa na ce, "Allah ya saka da alheri, Inna," na miƙe. Komawa Bebeji ba mota, ga lokaci na ƙurewa. Da ƙyar na tambayi inda aka zubar. Ta nuna wani fa, shimfiɗaɗɗen dutse, a bayan gida, can nesa da inda suke shanya kuɓewa.

Gyaran mota ya kai mu la'asar. Kafin nan ranar bazara ta gama aikinta, ruwan ya tsiyaye, lakar ta bushe ta ɓanɓaro kamar ƙanzo. Abokina na tsokanata wai in haɗa da ƙuli-ƙuli, ni dai na kankare ta cikin buhu, don da babu gara ba daɗi. Inna ta bi mu da ƙwaryar fura.

Tudun Wada muka wuce ta tsakanin masu rake da buhunan masara, muka shiga dajin Falgore, inda birai ke tsallaka titi ba sa ko kallon mota. Duwatsu suka fara bayyana, iska ta yi sanyi, muka isa Doguwa da magariba.

Washegari na miƙa wa Malam buhun ina ba da haƙuri. Ya gutsura, ya sansana, ya dube ni.

"Wa ya ce ka shanya ta?"

"Tsautsayi ne, Malam."

"To ka gode wa tsautsayin. Ɗanya kake bari ta kwana tana ruɓewa, abin da kake nema ya lalace kafin ka taɓa shi."

Ya tafasa ta da ruwan lemon tsami, ya tace da ƙyalle, ya zuba sifirit. Muna tsaye wani abu fari-fari ya dunƙule kamar kindirmo, fektin ɗin da nake nema ke nan. Wallahi sai da na juya baya na share ido. Da shi Malam ya dafa mana jam na mangwaron gidansa.

A dawowa na ce lallai sai mun ratsa Yako, don ni ma ba zan mayar da ƙwarya ba komai ba. Na miƙa wa Inna ita da jam a ciki, ta lakata, ta ɗanɗana, na faɗa mata asalinsa. Ta riƙe baki.

"Wannan ƙazantar? To Allah ya sa albarka, amma dai ku riƙa wanke jarkokinku."

Mun iso Bebeji lafiya. Manaja ya ga abin da idonsa, ya janye maganar rufewa, ya sa a yi daɓen siminti kusa da kwatami don shanya laka, rafin Fulani ya huta. Na fita neman ilimi wurin malami, na same shi, amma alherin da na kusa yin fushi da shi ne ya riƙe mana abincinmu. Yau ma'aikata sun raɗa wa daɓen suna Fan Inna, kuma da ruwan rijiyarta na fara wanke shi.