Malamin da ba ya karɓar siffar aro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, Allah ya karɓi ran Malam Labaran Nasidi na Ƙofar Doka, wanda ya koya wa da yawanmu Turanci a birnin Zariya. Mun kai shi makwancinsa bayan la'asar.

Malam, ba na manta yadda kake rufe ido idan ɗalibi ya miƙe zai karanta rubutunsa. Idan muka rubuta "kyakkyawan gida" ko "babban mutum", sai ka girgiza kai ka ce, "Ban gani ba tukuna." Ka taɓa tura mu marina da rana tsaka don mu dubi hannun marini kafin mu siffanta shi. Siffar aro, in ji ka, rigar aro ce, ba ta rufe katara.

Da ciwo ya tafi da idanunka, sai abin ya zama da gaske. Ranar sunan jikanka na fari aka kawo jaririn zaure, ka shafa fuskarsa, hannu bai gamsar da kai ba. Ka kira ni ka ce, "Kabir, siffanta mini shi, da Turanci. Da Hausa za ka lulluɓe ni da daɗin baki."

Na san ba ka da sauran hanyar ganin yaron nan sai bakina. Na fara da irin jimlar da jaridu ke yayi, ka ce in sake. Na tsura masa ido, na faɗi yadda goshinsa ya fito, da kunnen hagu da ya ɗan lanƙwashe daga sama, da yadda yake tsuke baki kamar mai shirin musu.

Hawaye suka bi gemunka. Sannan ka ce, "Kulu ce ta dawo."

Kulu mahaifiyarka ce, ta rasu tun ba a haife ni ba. Da maganar ta shiga cikin gida, tsofaffi suka ƙara duban yaron suka hau salati. Har yau tsigar jikina tana tashi idan na tuna.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya buɗe idanunka a Aljanna ka ga Kulu da kanka. Ga matarka Hajiya Delu da 'ya'yanka da ɗalibanka, Allah ya ba mu haƙuri, amin.