Nas Ɗin Da Ba Ta Ba Da Magani A Aike

Kafin mai shara ta gama da barandar ƙaramin asibitin unguwa, Anti Nas ta riga ta wanke hannu ta zauna, tabarau a kan karan hanci. Shekara da shekaru haka take, har furfura ta cim mata a kujerar nan. A watan nan za ta yi ritaya, kuma wallahi ba mu ji daɗi ba.

Ta san halin mazan unguwa sarai. Ciwon kai kowa zai faɗa da bakinsa, amma gudawa sai a tura uwargida. Haka telan bakin layi ya yi ta yi. Ciki ya murɗa, a karɓo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, abu ya lafa, can kuma ya dawo. Bawan Allah ya rame har yana rage wa kansa wando a ɓoye.

Ranar da matarsa ta zo neman magani a madadinsa, Anti Nas ta ce, "Karo na nawa ke nan?"

"Na uku, Anti. Yanzu har da jini, ga zazzaɓi. Wai kunyarki yake ji."

"Kunya? Tashi mu je."

A kan keken ɗinki ta same shi, ko taka shi ba ya iyawa. Ya fara kame-kame, ta katse shi: "Malam Tela, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ciwon da ke tafiya yana dawowa, ga jini, ga rama, ya fi ƙarfin kemis, ni ma ya fi ƙarfina. Yau sai likitan ciki a babban asibiti."

Da ƙunƙuni ya tafi. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta daina jin maganin da yake ta sha, nan take aka ba shi gado.

Ke ce uwa ma ba da mama, Anti. Ba ki taɓa jin nauyin cewa "wannan ba nawa ba ne" ba, kuma kalmar nan ta ceci rayuka. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu tasowa a aikin nan, ku koyi tura mara lafiya gaba tun yana da ƙarfin zuwa da ƙafarsa.

Tela ya murmure. Jiya matarsa ke ba da labari, wai duk wandunan da ya rage yanzu yana zaune yana farke su.