Zagin da Yayana Ya Jira

Har gobe in na shiga kasuwar Isa na ji wani mai cajin waya ya saki "Jira Ni Bakin Gulbi", sai in canza layi. Waƙar ba ta yi mini laifin komai ba. Siririyar muryar nan da ke farawa ta yayana ce, kuma na san wadda ke biyo bayanta.

Su biyu suke waƙa. Yayana Bagobiri ne na Sabon Birni, da tsagensa tun daga gefen baki har kunne. Abokinsa Bayarabe ne, amma a Isa aka yanke masa cibiya. Ubansa gyaran rediyo yake yi, a shagon nan shi kuma ya koyi taɓa fiyano. Murya gare shi mai kauri, in ya yi amshi har cikin ƙirji ake jin ta. A wani biki a Turba suka fara haɗuwa. Janareto ya mutu ana tsakiyar kiɗa, Bayaraben ya tsuguna yana haɗa waya, sai yayana ya ɗaga murya ya ce, "An ba mai manja wuta, ai sai duhu!" Shi kuwa ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Wa yas saki bawana ba da izinina ba?"

Baƙo zai ɗauka faɗa ne. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa wasa ne tun kaka da kakanni: kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Su biyun nan sai suka ɗauki wasan suka sa shi cikin waƙa. Waƙoƙin soyayya suke yi, masu sanyi, irin waɗanda ke sa mace ta bar tuƙin tuwo ta yi tagumi. Amma a tsakiyar kowace waƙa sai kiɗa ya lafa, su zagi juna tas, sannan su koma kan soyayyarsu kamar ba su ba.

"Gero Ya Nuna" ce ta fara fito da su. Kakar nan babu bikin da aka yi daga Bafarawa zuwa Gatawa ba a sa ta ba, 'yan kabu-kabu ma da ita suke tashin fasinja. Daga baya "Jira Ni Bakin Gulbi" ta tsallake iyaka. 'Yan kasuwar da ke bi ta Burkusuma suka dawo suna cewa sun ji ta a tashar mota a Maraɗi. A cikinta ne Bayaraben yake cewa kaza ta yi tono a fuskar yayana, shi kuma ya ce masa da barkono aka yi masa wankan jego. Daga kaset suka koma memori, yara na tura wa juna a waya.

Ni ce mai dafa musu abinci in sun zo gidanmu gwajin waƙa. Da gangan nake zabga wa Bayaraben barkono, ya cinye yana zufa yana cewa, "Ƙanwar bawana, yau ma kin manta yaji." Ina da saurin fushi, kowa ya sani, amma shi ban taɓa iya yi masa ba. Innarmu, wadda da farko ta ce waƙa ba sana'ar gidanmu ba ce, ita ce ta koma ajiye wa Bayaraben fura a ƙwarya ta daban.

Sai 'yan bindiga suka lalata hanya. Tsakanin Isa da Sabon Birni, inda a da ake zuwa a dawo kafin azahar, ya zama sai an yi addu'a an bar wasiyya. Biki ya koma ɗaurin aure kawai, a watse. Wata rana Bayaraben ya zo ya ce zai kwashe iyalinsa ya kai su Kudu, garin kakanninsa da shi kansa bai sani ba. Ina tsakar gida ina jiran yayana ya ce masa bawa ya gudu. Sai na ji ya ce, "To, Malam. Allah shi kiyaye hanya." Malam! Tunda nake ban taɓa jin ya kira shi haka ba. Bayaraben ya ce, "Amin. Na gode."

Tun daga nan ladabi ya shiga tsakaninsu. Sukan yi waya da salla: ina gajiya, ina iyali, madalla. In sun gama, yayana ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon ƙasa. Na ce masa, "Yaya, kai da kas san iyali garai, ina laihinai?" Ya ce, "Ni na ce ya yi laihi?" Taurin kai dai na gado ne, ni ma ina da nawa.

Ciwon hanta ya kama yayana. Ya rame har tsagen fuskarsa suka zurma. Bai ce a kira kowa ba, amma kullum sai ya sa in kunna masa waƙarsu, in an zo wurin zagin ya ce in mayar baya. Na gane abin da yake so. Na ɗauki waya na kira Bayaraben, ban ko gaishe shi ba na ce, "In kana da sauran zagi, ka taho da shi."

Ya taho, da duk haɗarin hanyar. Da yayana ya ji sallamarsa sai ya ce in tayar da shi zaune, in sa masa hula. Har da ɗan murmushi, na ga bakinsa na motsi, ya riga ya shirya abin da zai mayar. Bayaraben ya shigo, ya gan shi, ya tsaya cik a bakin ƙofa. Sai ya tsuguna ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Sannu. Ya jiki? Allah shi ba ka lahiya."

Murmushin ya ɓace. Yayana ya ce, "Amin," ya juya fuskarsa bango. Da baƙon ya fita alwala, yayana ya tambaye ni a hankali, "Ashe har na kai nan?"

Na tare Bayaraben a zaure, raina a ɓace. Na ce, "Mi kaz zo yi? Sannu muna da ita gida, ta ishe mu. Koma ka ce mishi bawanka!" Ya jingina da bango yana hawaye, ƙaton mutum. Ya ce, "Wallahi na taho da shi tun daga mota. Da nig gane shi, bakina ya ƙiya. Bari in kwana, gobe za ni iya."

Washegari da hantsi yayana ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta Bayaraben ya shigo cikin gida yi wa Inna gaisuwa, don shi ba a yi masa shamaki. Mata cike da tsakar gida, kowa ya yi jugum. Bai tsaya wurin Inna ba. Ya wuce ƙofar ɗakin yayana, inda tabarmar take shimfiɗe har lokacin, da hular a kai. Ya gyara murya, muryar nan ta amshi, ya ce, "Kai Bagobiri! Raggo! Wa yab ba ka izinin tahiya? Bawa na tahiya ubangidanai bai sallame shi ba?"

Wata tsohuwa ta yi dariya, ta toshe baki. Shi kuwa ya tsaya ya yi shiru, daidai tsawon da yake bari a cikin waƙa don yayana ya rama. Mu duka mun san tsawon nan, kuma sai na ga duk gidan an yi tsit ana jira tare da shi.

Inna ce ta fara kuka.