Baba Sannu da Tsohuwar Jif ɗin Asibiti

Lokacin da aka turo ni aikin jinya a ƙaramin asibitin nan, na tarar da su a can, shi da motar. Baba Sannu ake ce masa, domin bai yarda ya yi gudu da mota ba, ko da hanya ta miƙe ba kowa. Dogo ne siriri, da furfura a gemu, kullum akwai tsumma rataye a aljihunsa. Baƙin mai ya riga ya zauna a ƙarƙashin farcensa, ba sabulun da ke fid da shi. A gaban mutane Sista yake ce mini. Idan daga ni sai shi a mota, sai ya ce 'yata.

A hanya na ji labarinsa, guntu-guntu. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, yayansa ne ya riƙe shi a wani ƙauye da ke ƙetaren rafi. Yayan ya so ya zauna su yi noma tare, shi kuwa hankalinsa na kan mota. Ya shigo gari ya koyi tuƙi, ya daɗe yana jan manyan motocin kaya, har ƙugunsa ya fara damunsa. Daga nan ya samu aikin asibiti, aka danƙa masa farar jif mai ja da ƙafa huɗu, tun tana da ƙanshin sabuwar kujera.

Ni ban san ta a sabuwa ba. Da na zo, farin ya koma ruwan ƙasa, ƙofar baya sai an ɗaga ta kaɗan kafin ta rufu, kujerar direba kuma ta lotsa daidai zamansa. Amma ita kaɗai ce ke shiga ƙauyukan bayan rafi idan damina ta zauna. Da ita muke kai rigakafi, da ita muke ɗauko wanda ciwo ya kayar.

Kowace safiya, kafin mu buɗe ɗakin magani, zan hango shi ta taga ya ɗaga bonet. Sai ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya kara ta a haske. Daga nan ya ɗauko galan a bayan kujera ya ƙara mata. Motar ta fara shan baƙin mai. Idan ya tayar da ita, wani shuɗin hayaƙi ke fita ta salansa, inda ta kwana kuma sai ka ga ɗigo a siminti.

"Baba, motarka ta fi masu ciwon sukari ƙishirwa," na ce masa wata rana.

Ya yi murmushi. "Tsufa ne, Sista. Ke ma kina tafe."

Mai gyara ta surukinsa ne, mijin babbar 'yarsa, bakanike mai gareji a bayan tasha. Mutum ne mai kunyar surukinsa, ba ya haɗa ido da shi ko da a kan inji suke. Ranar da muka biya garejin daga ɗauko magunguna, bakaniken yana haska gaban injin sai ya ga wani abu. Ya kira Baba Sannu ya nuna masa, ni ma na leƙa. Wani baƙin murfin roba ne a gaban injin, ya tsage daga gefen noti zuwa ƙasa, mai yana tsattsafowa ta tsagar.

Bakaniken ya yi mini bayani, tunda ni zan kai maganar ofis. A bayan murfin nan akwai taimin bel, wata igiyar roba mai haƙora da ke sa saman inji da ƙasansa su yi juyi tare. Ba ta son mai, ba ta son ƙasa, ba ta son ruwa. Ga shi robar da ke tare mai ta saki yana zubo mata daga ciki, ga tsagar tana shigo mata da yashi daga waje.

"In ta tsinke ana tafiya fa?" na tambaye shi.

"Injin zai daki kansa da kansa. Ba a gyaran a bakin hanya."

Baba Sannu da bakinsa ya ce a ajiye motar. Shugaban asibiti bai yi gardama ba, ya sa a nemo kayan. Sai dai irin motar ta tsufa, murfinta ya yi wuyar samu. Aka aika babban birni, aka ce a jira. Surukin ya kwance gaban injin, ya jera notina a cikin kwano, ya rufe da buhu. Baba Sannu ya koma zaman benci a ƙofar asibiti, yana taya masu gadi hira, hannunsa ya rasa abin yi.

Ana cikin jiran nan, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, wani mutum ya iso asibiti jiƙe har ƙirji. Daga ƙauyen su Baba Sannu yake. Ya ce yayan Baba Sannu ne ba lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana gagararsa, ba ya iya kwanciya sai a zaune. Sun yi ƙoƙarin ɗora shi a babur, ya kasa zama.

Baba Sannu ya saurara har ƙarshe. Ya miƙe ya nufi gareji, na bi shi da jakar aiki.

"Mayar mini da ita yadda take," ya ce wa surukinsa.

Bakaniken ya sunkuyar da kai. "Baba, bel ɗin ta sha mai. Kai ma ka gani."

"Na gani. Akwai wata motar da za ta shiga can?"

Babu. Duk mun san babu. Surukin ya wanke bel ɗin ya shanya, ya mayar, ya liƙe tsagar murfin da gam, ya ɗaure notina. Da ya gama sai ya kwashi sifanoninsa ya shiga baya, ba wanda ya ce ya zo.

Zuwan ya yi kyau. Baba Sannu ya sa ƙaramar giya, motar tana gurnani tana ratsa taɓo. A mashigar rafi ruwa ya kai rabin ƙofa, ya bi gefen da ya sani, muka haye. Muka tarar da tsohon a zaure, an jingina shi da bango. Ya ɗaga ido ya dubi ƙaninsa.

"Auta, kai ne ka zo da wuri haka? Ashe ka iya sauri."

"Yaya, tashi mu tafi."

Na yi masa allura, na ba shi abin da ke jakata. Da na sa abin sauraro a ƙirjinsa, na ji ruwa ya cika huhun, zuciyar kuma tana bugawa a gajiye. Ban faɗa ba. Muka shimfiɗa masa katifa a baya, muka tokare shi da filo, matarsa ta zauna a gefensa.

A dawowa ne abin ya faru. Mun sake haye rafin lafiya, mun hau gangaren da ke gaba, sai na ji wani ƙas a gaban mota, ba mai ƙarfi ba. Injin ya mutu. Motar ta gangaro baya kaɗan, Baba Sannu ya taka birki. Ya kai hannu ga makulli, surukin ya ce, "Baba, kada ka murɗa." Ya janye hannun.

Suka buɗe bonet. Gam ɗin ya ɓare, ruwan taɓo yana ɗiga daga tsagar. Ba su daɗe suna kallo ba. Bakaniken ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya kama hanya a guje don ya nemo abin da zai ja mu.

Rana ta ɗaga, cikin motar ya ɗau zafi. Muka buɗe ƙofofi duka. Baba Sannu ya hau baya, ya zauna a bayan yayansa, ya jingina shi da ƙirjinsa domin numfashin ya yi masa sauƙi. Ni ina fifita, matar tana jiƙa masa leɓe.

"Motar taka ta gaji," in ji tsohon, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma.

"Ta gaji, Yaya."

"Da ka zauna mun yi noma, da yanzu jaki gare ka. Jaki ba ya mutuwa a gangare."

Baba Sannu ya yi wata 'yar dariya, hawaye na bin gemunsa. Suka yi maganar gona, da rijiyar da ta rufta, da jikar da za a sa makaranta. Tsohon ya ce a bar wa matarsa gonar bakin rafi, kada a tashe ta daga ɗakinta. Ƙanin ya ce ya ji. Daga nan maganar ta ragu, sai numfashi. Kafin mu jiyo ƙarar tarakta daga nesa, ya cika a jikin ƙaninsa.

Taraktar da ta zo kai mu asibiti, ita ta juya da mu ƙauye. Baba Sannu ne ya riƙe sitiyari ana jan motar da igiya, ya ƙi bar wa kowa.

Bayan ya dawo aiki, ya same ni a ɗakin magani ni kaɗai. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"'Yata, ki gaya mini gaskiya. Da mun iso, zai tashi?"

Na ce masa da wuya. Zuciyar ta riga ta ƙare, abin da za mu iya a nan bai wuce mu sauƙaƙa masa na ɗan lokaci ba. Gaskiyar ke nan, ba lallashi ba. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya jiƙansa, ya fita. Ban san ko ya yarda ba. Bai sake tambayata ba.

Murfin ya iso daga baya. Surukin ya sauke injin gaba ɗaya, ya canza duk abin da ya lanƙwashe, ya sa sababbin ringi masu tare mai a cikin injin, shan man ya ragu sosai. Baba Sannu ya ci gaba da jan ta har ya yi ritaya. A tsakanin nan ta ɗauko mata masu naƙuda, da yaran da zazzaɓi ya galabaitar, da wani manomi da maciji ya sara, duk ta kawo su. Abu ɗaya ya canza: idan muka zo gangaren nan yakan daina magana, sai mun wuce ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Matar yayansa tana nan a ɗakinta, shi ke aika mata abin da ya samu. Da ya bar aiki, ya kafa ɗan tebur a gefen garejin surukinsa, yana sayar da baƙin mai da man birki. Ƙafafunsa sun fara nauyi, don haka nakan biya in auna masa jini. Zuwana na ƙarshe na tarar yana gyangyaɗi a kujera, jikarsa tana karanta masa darasinta da ƙarfi. Na zauna na jira har ya farka, ya naɗe hannun riga ya miƙo mini.