Kwalbar Zaitun Daga Salonika

Ban taɓa zuwa Salonika ba, kuma da shekaruna na yanzu ba na jin zan je. Gara in faɗi haka tun farko, don kada wanda ya taɓa jin ina bayanin garin ya ɗauka da idona na gani. Wanda ya gani taubashina ne, ɗan goggona ƙanwar mahaifina, wanda ko haɗa baƙi bai gama ba ya bar makarantar allo ya tafi Kano.

A lokacin Turawa ba su daɗe ƙwarai da zama a ƙasar nan ba. Mahaifina malami ne a Dutse, mai tsantseni, irin wanda in ya yi shakkar abu ko kaɗan sai ya bar shi. Da aka ce manyan gidaje su ba da 'ya'ya a kai makarantar boko, ni aka bayar, kuma na san bai so ba. Na yi shekaru a Kano, na gama, na fito da takardar malanta, na dawo gida ina jiran a tura ni wurin aiki. Mahaifina bai taɓa tambayata abin da ke cikin takardar ba. Abu ɗaya na ga yana mora daga karatuna. Idan aka ambaci wata ƙasa mai nisa a zaure bayan la'asar, sai ya juyo ya ce, "To, kai da ka ga taswira, ina take?" Sai in yi bayani, dattawa su gyaɗa kai. Ƙaramin abu ne, na sani. Amma shi kaɗai nake da shi a gidan, domin ilimin addini na yayyena ne, gona kuma ta ƙannena.

Shi kuwa taubashin nawa kuku ya zama a gidan wani Bature ɗan ƙasar Girka mai sayen gyaɗa da fatu. Baturen ya kwanta ciwo, aka ce a mai da shi gida Salonika, ya ce ba zai iya cin girkin kowa a hanya ba sai na kukunsa. Haka suka hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can suka shiga jirgin ruwa. Taubashina ya fi shekara a can, in ban manta ba. Ya dawo da kaka, ana cikin cirar gyaɗa, da wata kwat baƙa a kan rigarsa duk da zafin da ake yi.

Tsakanin taubasai akwai wasa, kuma mu 'ya'yan namiji mukan kira ɗan mace bawanmu. Don haka da na gan shi a ƙofar gida na ce, "Bawana, ashe kifi bai cinye ka ba?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ɗanɗana ya ji ba mai, ya tofar. Kai fa? Har yanzu da yatsa kake tafiya a kan takarda?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ina jin dai na yi.

Kwana uku zauren mahaifina bai ɗauki mutane ba, har waje ake shimfiɗa tabarma. Mahaifina ya ce ƙasar Girka ita ce Yunan ta cikin littattafai, ya zaunar da taubashina kusa da buzunsa, wurin da ban taɓa zama ba. Shi kuma ya iya labari, wannan ba zan hana shi ba. Ya ce garin a kwance yake a bakin teku, bayansa jingine da tudu, kuma a kan tudun akwai tsohuwar ganuwa ta dutse. In ka hau, kamar ka hau duwatsunmu ne ka leƙo gari, sai dai inda ya kamata ka ga dabino da gonaki, ruwa za ka gani har ƙarshen ido. Ya ce a bakin ruwan akwai wata hasumiya mai kauri da suke kira fara, ko da yake shi bai ga farinta ba, ta fi kama da tuwon dawa. Daga gindinta wani titi ya miƙe a gefen teku, kuma da yamma duk gari sai ya fito, maza da mata riƙe da hannun juna, su tafi ƙarshen titin su juyo, su sake tafiya.

Wani dattijo ya ce, "Ina za su?"

"Ba inda za su, Baba. Tafiyar ce kawai."

"Ba aike, ba ziyara?"

"Ko ɗaya. Na bi su kwana biyu don in ga inda ake zuwa, na dawo da ciwon ƙafa."

Ya faɗi kasuwa mai rufi inda ake shanya wata halittar ruwa mai ƙafa takwas a igiya kamar wanki. Ya faɗi ƙaramin jirgin ƙasa da ke yawo a tsakiyar gari yana kaɗa ƙararrawa, da gahawa a kofin da bai fi ƙwai girma ba, wanda mutum zai zauna a kansa tun hantsi har azahar. Ya ce ranar da sama ta washe, ana hango wani dutse a ƙetaren ruwa, kansa fari fat da ƙanƙara. Mahaifina ya tambaye shi masallaci. Ya ce akwai tsofaffi masu ƙubba, amma bai ji an kira salla a cikinsu ba, wani ma hatsi ya ga an tara a ciki, shi dai a bayan ɗakin girki yake sallarsa.

Na yi ƙoƙari in sa baki. Na ce garin yana arewa da mu, ya ɗan karkata gabas, kuma tekun wani reshe ne na Bahar Rum. Ba wanda ya musa, ba kuma wanda ya juyo. Na koma ina jefa masa tambayoyin da nake fatan zai yi tuntuɓe a kansu, ya amsa wasu, wasu ya ce bai sani ba, kuma rashin sanin ma sai ya ƙara masa gaskiya a idon mutane. A kwanakin nan abinci bai yi mini daɗi ba. Ni na haddace sunan garin, na ci jarrabawa a kansa, amma mai wanke tukunya aka kai.

A rana ta uku ya kawo tsaraba. A gidanmu, kamar yawancin gidaje, tsarabar matafiyi gaban maigida ake ajiyewa. Shi zai fara taɓawa, ya sa albarka, sannan a raba, kuma abin da bai ci ba ba wanda zai ci. Taubashina ya kwance wani tsumma ya fito da kwalba mai faɗin baki, cike da wasu 'ya'yan itace baƙaƙe a cikin ruwa. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, zaitun ne."

Mahaifina ya fi shekara arba'in yana rubuta sunan wannan itace a allo yana karantar da shi, bai taɓa ganinsa ba. Ya buɗe kwalbar da kansa, ya ciro ƙwaya ɗaya ya ɗora a tafin hannu. Sai ya juyo wurina, karo na farko cikin kwana uku.

"Kai da ka yi karatunsu, shi ne?"

Abin da na faɗa ina tune da shi kalma da kalma, kuma na sha auna shi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, mai yiwuwa ne. Wanda na gani a hoto kore ne, amma ba zan rantse ba." Na san yana baƙi in ya nuna, an faɗa mana a aji. Ban ƙara wannan ba.

Ya sunsuna kwalbar. "Wannan tsamin fa?"

Taubashina ya yi caraf ya ce, "Ruwan gishiri ne, Kawu, da ɗan ruwan tsami. A gabana uwar maigidana ta zuba."

Na ce, "Na karanta cewa ruwan tsaminsu daga giyar inabi ake samunsa."

Mahaifina ya ce, "In giyar ta juya ta zama ruwan tsami, ai malamai sun halatta."

"Haka ne, Malam. Abin da ban sani ba shi ne ko wannan ta gama juyawa."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin maganata, na duba. Ban sani ba ɗin da gaske ne. Sai dai na san mahaifina, na kuma san abin da shakka take yi masa. Ya ƙara duban ƙwayar, ya mai da ita cikin kwalba a hankali, ya sa aka kawo buta ya wanke yatsunsa. Ya sa wa taubashina albarka mai tsawo, ya ce ya gode, ganin ma ya isa. Aka rufe kwalbar. Tunda maigida bai ci ba, ba wanda ya miƙa hannu, aka mai da ita gidan goggo.

Washegari da safe muka haɗu da taubashina a hanyar rijiya, ƙarƙashin dabino. Na ce, "Bawana, ina kwana?" Ina jiran ya rama kamar kullum.

Ya ce, "Lafiya lau, Malam." Ya ɗan tsaya. "Duk tsawon tafiyar nan a ƙirjina take kwana, don kada jirgi ya girgiza ta fashe. Ba don kaina na ɗauko ba."

Na fara cewa ai ni tambayata aka yi. Ya ce ya sani, ya ji. Bai zage ni ba, bai kuma sake yi mini wasa ba, kuma wanda ya san taubasai ya san abin da hakan ke nufi. Bayan mako guda ya koma Kano. Yadda aka yi da kwalbar ban tambaya ba, ba kuma wanda ya gaya mini.

Ba a daɗe ba wani malami abokin mahaifina ya zo daga Jahun, ya ce ya ji labarin ɗan gidan nan da ya je Yunan. Mahaifina ya ce yaron ya koma bakin aikinsa, amma ga wanda ya karanta. Ya nuna mini wuri kusa da buzunsa, na zauna. Na faɗi ganuwa a kan tudu, da hasumiyar da ba ta kai sunanta fari ba, da mutanen da ke tafiya ba inda za su. Baƙon ya yi dariya daidai inda dattawa suka yi. Ina magana ina jin muryar taubashina a bakina, kuma ko a lokacin, Allah ya yafe mini, haushinsa nake ji, don shi yana faɗa yana gani, ni kuwa tilawa nake yi.

Da na gama mahaifina ya dube ni ya ce, "Ashe duk wannan yana cikin littafinku?"

Na ce, "Wani sashe, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya ce a kawo wa baƙo fura.