Agogo Uku Na Saya Kafin Na Je Asibiti

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a nan ba. Ɗalibaina da ƙannena na filin tseren babur, na ga saƙonninku, ban iya amsawa ba ne. Yau zan faɗa muku abin da ya faru.

Kun san ni: ranakun aiki ina koyar da lissafi a Makka, ƙarshen mako ina kan babur a filin tsere. Kun kuma san yadda nake damun ku da maganar agogon zagaye, na'urar da ke faɗa wa mahayi lokacin da ya ɗauka kafin ya kewaye fili.

Na fara da manhajar waya, ina ɗaure wayar a kan tanki. Bara sai ta riƙa nuna ina ƙara jinkiri, mako bayan mako. Na ce zafin rana ne ke rikita ta.

Na sayi na biyu, irin wanda ake kafa masa ƙaramar na'ura a bakin fili. Jimlar lokaci kawai yake bayarwa. Shi ma ya ce na yi sanyi. Na ce na arha ne, me zai sani?

Na uku ya kusa cinye rabin albashina. Da tauraron ɗan Adam yake aiki, yana raba fili kashi-kashi, yana ajiye kowane zagaye. Na kai wa Yaya Bakur, yayana, makanikin bas-bas na alhazai a unguwar Kudai, wanda shi ke duba min babur. Ya daɗe yana kallon allon.

"Babur ɗinka lafiya lau," ya ce. "A miƙaƙƙiyar hanya kana nan yadda kake. A kwana kake zubar da lokaci, hagu da dama. Tsoro ya kama ka ne, ya ustaz?"

"Wane tsoro? Allon nan na gefen fili mai nuna inda za a taka birki ne, ba na ganinsa sai ya iso gabana."

"Allon yana nan inda yake tun bara. Yalla, tashi mu je a duba idonka."

Sai a lokacin na tuna ciwon kan da nake sha wa magani kullum. Na tuna ɗaliban gefen aji da ke ɗaga hannu ban kira su ba, har suna cewa na tsane su.

A asibiti aka sa ni leƙa cikin wata na'ura, in danna maɓalli duk sa'ad da na ga ɗigon haske. Na ɗauka na ci jarrabawa. Likita ya ce, "Malam, fitilu da yawa sun wuce ta gefe ba ka danna ba."

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai. Ƙari ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yana danne jijiyar gani. Ba ciwon daji ba ne. Amma likita ya ce in aka jira, abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba.

Na ce, "A bari sai bayan Hajji mana."

Ya ce, "Idonka ba zai jira Hajji ba."

Aka tura ni Jidda, aikin ya faɗo a cikin kwanakin Hajji. 'Yan Makka kun san abin da wannan ke nufi. Yaya Bakur yana ƙarƙashin bas tsakanin Arfa da Muzdalifa. Umma tana unguwar Shisha, ƙafarta ba ta kai ta ko bakin titi, hanyoyi kuma a rufe. Abokai kowa yana hidimar alhazai. Ban ga laifin kowa ba, ni ma da haka zan yi.

Ni kaɗai na sa hannu a takarda. A wajen sunan mai jinya na bar fili.

Ta hanci aka yi aikin. Na farka hanci a toshe, ina numfashi ta baki, maƙogwaro a bushe. Ana auna ruwan da na sha da fitsarin da na yi. An hana ni fyace hanci, an hana ni sunkuyawa. Makonni na yi ina salla ba sujada, wannan ya fi ciwon damuna.

Talabijin ɗin ɗakin yana nuna Arfa, mutane ba iyaka. Na gadon kusa da ni, 'ya'yansa sun kewaye shi suna ɓare masa lemo. Ni ina bin bas-bas da ido, ko zan hango Yaya.

Umma ta kira. "Ka ci abinci?"

"Na ci, Umma."

"Ƙarya kake, na ji muryarka. Kana ganin hannunka?"

"Ina gani."

"To, alhamdu lillahi. Sauran ma zai zo."

Kwana na biyar da safe ina kallon silin, sai na ga wani abu fari ya motsa ta hagu. Ban juya kai ba. Ma'aikaciyar jinya ce ta shigo da magani. Na ga shigowarta ta gefen ido. Ta rasa me ya sa ƙaton mutum yake kuka a kan ƙwayar magani.

Ganina ya dawo, sai ɗan kaɗan da ya rage a dama. Ina shan magani kullum, ina komawa gwaji. Makon jiya likita ya yarda na hau babur, a hankali. Yaya Bakur ya tsaya a bakin fili, hannu a ƙugu. Lokacina ya yi muni ƙwarai. Amma na ga allon birki tun daga nesa, a kowace kwana.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da Umma, da Yaya, wanda har yau yake neman gafarata a kan laifin da bai yi ba.

Ƙannena masu tambayata wane agogo za su saya: in hali ya yi, ku sayi mai raba fili kashi-kashi yana ajiye bayani, don shi ke nuna inda lokaci ke zubewa. In bai yi ba, waya ma ta isa farawa. Kada ku kalle shi kuna gudu, ku bari sai kun sauka. Ku nuna wa wanda ba ya jin nauyin faɗa muku gaskiya.

In kuma agogo biyu suka gaya muku abu ɗaya, kada ku yi irin tawa ku sayi na uku. Ku je a duba ku.