Sandar Sitiyari da Harafi Ɗaya

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kazaure, ni da Malam maigidana, a 'yar ƙaramar motarsa. Gwiwa muka nufa, za mu ɗauko 'yata ta fari ta zo goyon ciki, don watanta ya kama. Sunanta dai kun san ba zai fito a bakina ba.

Ƙarshen damina ne, duwatsun nan duk sun yi kore shar, gero ya sunkuyar da kai. Ina ta tasbihi a raina, sai na ga Malam ya murza sitiyari dama, motar kuma ta yi kamar ba da ita ake ba, sai daga baya ta bi. A hankali muka lallaɓa har Roni.

Bakaniken da muka samu dattijo ne mai furfura. Ya shige ƙarƙashin kujerar direba ya daɗe, sannan ya zaro wani ƙarfe mai tsawon ƙaramar taɓarya, da gwiwa a jikinsa. Sandar sitiyari ke nan. Shekara da shekaru ina shiga motar nan, ban taɓa sanin rayukanmu a kan wannan suke rataye ba. Ya nuna mini inda haƙoranta suka cinye, ya ce ba ta gyaruwa, kuma shi ba zai yarda a ɗora mai ciki a kanta ba. Sabuwa a Kano sai kuɗin raguna biyu. Amma akwai mai shago a Babura da ke kawo na hannu daga tsallaken iyaka.

Kafin mu tafi na ga wasu lambobi da haruffa a jikin ƙarfen. Na ciro littafina na ajin yaƙi da jahilci na kwafe su ɗaya bayan ɗaya. Malam ya yi murmushi, ya ce ai ƙarfe da ido ake gane shi.

Motar haya ta mai da mu Kazaure, wata ta kai mu Babura. Can ƙasa ta miƙe sosai, babu dutse, sama kamar ta fi faɗi. Na sayi dafaffiyar gyaɗa, mai tallar har tana tambaya ko da sefa zan biya. Shagon kuwa, ikon Allah: ƙarafa tun daga ƙasa har rufi, mai shi kuma ya san mazaunin kowanne kamar yadda na san tukwanena.

Ya ce jika hamsin. Malam, da ya tashi da tsohon lissafi na jika naira ɗari biyu, har fuskarsa ta washe.

"Alhaji, da sefa nake magana, jika ɗaya sefa dubu," in ji mai shagon.

Da aka juya kuɗin zuwa naira sai ga kuɗin rago mai kyau, ban da ladan bakanike. Abin da ke aljihun Malam bai kai ba, na kwance kuɗin sana'ata ta gyaɗa da na tanada don kayan jego na cika. Mai shagon ya faɗa mana tun da wuri, kayan da ya fita ba ya dawowa.

Ya kawo sanda, Malam ya jujjuya ta ya ce ita ce sak. Ni kuma na buɗe littafina ina bi da yatsa. Komai daidai, sai harafin ƙarshe. Na sake bi har sau uku kafin na buɗe baki, don ban saba sa baki a cinikin maza ba.

"Malam, a yi haƙuri, harafin nan ba namu ba ne."

Mai shagon ya karɓi littafin, ya duba, sannan ya ce, "Inna, kin yi gaskiya. Wannan ta motocin da direba ke zama a dama ce." Ya hau tsani ya sauko da wata. Wannan karon shi da kansa ya miƙo mini ita, ba Malam ba.

A gida muka kwana. Washegari dattijon Roni ya ɗaura ta kafin azahar, ta zauna daram, muka wuce Gwiwa. A dawowa yarinyar ta jingina kai da kafaɗata, barci ya kwashe ta. Duk kwanar da Malam ya sha tsakanin duwatsun nan sai motar ta bi shi nan take, ni kuwa ina ganin ƙarfen nan a zuciyata yana juyawa da mu huɗu, har da ɗan da ke cikinta.

Abin da na koyo shi ne, abin da ke riƙe da mutum sau da yawa ba ya ganinsa, kuma zaman da na yi a benci ina haɗa baƙi bai tafi a banza ba. Da muka isa ƙofar gida Malam ya kashe mota, ya ɗauki littafina daga cinyata, ya buɗe akwatin gaban mota ya sa shi tare da takardun motar.